Biyun Da Ke Hannun Hagu

Talata, 3 ga wata, ƙarfe 5:40 na yamma

Jiya da hantsi Yaya ya faɗi a bakin famfon gidansa, yana wanke burushin fenti. Anti, matarsa, ita ta same shi. Ni kuwa wayar ta same ni a wurin aiki, na ɗora haƙoran roban wata tsohuwa a tukunya suna dahuwa. Na fita ban kashe wutar ba. Yau na tarar sun yi ƙuraje, sai na sake sababbi.

Likita ta faɗi sunan ciwon. Ba zan rubuta shi a nan ba. Yana magana, ya gane mu, har ya yi wa nas faɗa wai ta maƙala robar ƙarin ruwa a karkace. Hannun hagu da ƙafar hagu ne suka daina amsa kira. Kuma duk abin da ke gefensa na hagu, a wurinsa babu shi a duniya. Idonsa lafiya lau, in ji likita, can ciki ne aka rufe ƙofar wannan ɓangaren.

Sai ta tambaye mu ko a makonnin baya mun ga wata alama: cin karo da ƙofa, barin aiki rabi, manta abin da ke gefe ɗaya. Ta ce wani lokaci ƙaramin yakan riga babban zuwa, kamar mai sallama. Anti ta ce ba ta ga komai ba. Likita ta dube ni. Na ce ni ma ban gani ba.

Ƙarya na yi. Na rubuta ne in ga ko zan ji wani abu in na gan ta a takarda. Ban ji ba.

Laraba, 4 ga wata, ƙarfe 1:15 na rana

Da sauƙi, in ji kowa. Na ci abinci.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe 12:30 na rana

Ba kowa a wurin aiki. Bari in rubuta shi sau ɗaya, in huta.

Shekara ashirin da shida ke nan ni da Yaya muna haɗa 'yan tankokin yaƙi na roba. Anti na kiran abin wasan yara masu furfura. Suna zuwa a kwali, gunduwa-gunduwa, manne a jikin firam kamar ƙayar kifi. In an gama haɗa ɗaya ba ta wuce tsawon yatsan tsakiya ba. Duk Asabar mukan taru a ɗakin bayan shagon Mai Agogo, mu baza su a kan tebur mai tuddan soso da gidajen kwali, mu ɗauki tef ɗin awo da ƙwayar ludo, mu yi yaƙi. Manya da iyali, ana gardama har jijiyar wuya ta tashi a kan ko tankar da ke bayan tudu ana hangen ta.

Aikinmu a rabe yake tun farko. Ni mai haɗa haƙoran roba ne, hannuna ya saba da ƙananan abubuwa, don haka ni nake yankewa, in goge, in sa gam, in fesa musu shafen farko ruwan toka da injin feshin wurin aikina. Sai in jera shida a kan sandar katako in manne su, in kai wa Yaya. Shi ke yin fenti: launi, tsatsa, baƙin mai, laka. Shekara talatin ya yi yana gyaran katafila kafin ya ajiye aiki, ya san inda mai ke yoyo da inda laka ke maƙalewa. In ya gama ya dawo mini da sandar in yi feshin ƙarshe, wanda ke hana fenti gogewa.

Bai taɓa bari na yi fenti ba, ko sau ɗaya. Wai hannuna ya cika tsabta. Shekarata hamsin da huɗu, ina da jika, amma har yau in na miƙa hannu sai in ji, “Auta, ajiye burushin nan.”

Sati uku kafin ya faɗi, ya miƙo mini sanda a cikin kwalin takalmi ya ce ya gama, in fesa. Da na buɗe a nan, a kan wannan teburin, huɗun da ke dama sun gamu tsaf. Biyun da ke hagu suna nan ruwan toka yadda na kai su, ko ɗigon fenti babu. Na yi dariya ni kaɗai. Na ɗauki waya zan kira shi in ce tsufa ya yi sallama. Sai na ajiye wayar. Na ce yau ga ranata. Kwana uku ban fita cin abincin rana ba, ina fentin biyun nan, ina kwaikwayon huɗunsa.

Ranar Asabar na jera duka shida a tebur. Mai Agogo ya ɗaga ɗaya daga cikin nawa, yana tsaye ta hagun Yaya, ya ce, “Tsoho, hannun nan naka sai ƙara kyau yake.” Yaya ya ce uhm, bai ko juya ba. Na ɗauka jan aji ne. Na koma gida ranar kamar an ba ni sarauta. Mutumin da ke gane burushin wani daga bakin ƙofa ya kasa gane nawa, ni kuma na ɗauka ƙwarewata ce.

A wasan ranar da na Asabar ta gaba, bai motsa rundunarsa ta hagu ba ko taku ɗaya. Ni da nake gefensa na riƙa tura masa su a hankali, don kada a yi masa dariya.

Shi ke nan. Garin neman gira na rasa ido, idon ma ba nawa ba.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe 6:00 na yamma

Kujeru biyu ne a ɗakin asibitin, ɗaya a daman gado, ɗaya a hagu. Anti na dama. Ni na ɗauki ta hagu, ba wanda ya ce in ɗauka. Daga nan ina ganinsa sarai, shi ba ya ganina.

An kawo abinci, ya cinye rabin faranti na dama ya tsaya, ya ce asibitin nan rowa gare su. Anti ta juya farantin. Ya duba ya ce, “Yanzu aka ƙaro?” Ta yi dariya, ta fita baranda ta daɗe.

Asabar, 7 ga wata, ƙarfe 4:20 na yamma

Ƙafata ta kai ni shagon Mai Agogo ban sani ba. An rufe teburin da zane. Na gaishe shi, ya tambayi jiki, na ce da sauƙi. Agogunan bangonsa goma sha huɗu ne. Na ƙirga sau biyu.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe 11:00 na safe

Anti ta tuna wani abu. Wai kwana goma kafin ya faɗi ya goga madubin mota na hagu a jikin ƙofar gida, ta yi masa tsiya ta ce ya sayi tabarau. Wai akwai kuma ranar da ta ga kafaɗarsa ta hagu ta yi ja, ya ce bai san inda ya buge ba. Tana faɗa tana murza gefen mayafinta har ya zama igiya.

Ta ce, “Kai, Auta, sau ɗaya kake ganinsa a mako, ba ka da laifi. Ni da nake kwana da shi nake tashi da shi, ni ce makauniya.”

Na ce ta daina faɗin haka, komai da lokacinsa. Bakina ya faɗa da kansa, lafiya lau, ba gargada. Tun ina ɗan makaranta wannan matar take zuba mini abinci, ita ta raka ni neman aure. Da can ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba, tana ce mini mijin wahala, ina ce mata ta tsufa a maida ta gidansu. Yau sati guda ba wanda ya tsokani wani.

Na saya mata ruwan sanyi a ƙasa.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe 2:00 na rana

Haƙora uku na gaba, na wani direba. Launi ya dace. Ya ce sun fi nasa na asali kyau. Na ce madalla.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe 5:10 na yamma

Anti ta je gida wanka, ta bar ni da shi. Ina kujerata ta hagu. Nas ta shigo ta dama, ya tambaye ta ko ƙaninsa ya zo yau. Tana duba robar ruwa ba ta ji ba, ta fita. Ya ce da kansa, “Auta dai ya yi wuyar gani.”

Tsakanina da hannunsa bai kai kamu ɗaya ba. Da na yi tari ma zai ji. Minti arba'in na yi a zaune ina kallon jijiyar wuyansa tana bugawa. Da Anti ta dawo ta ce ai ga shi nan tun ɗazu, ya ce to me ya sa yake zama inda ba mutane.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe 7:30 na safe

Matata ta ce na sa gishiri a shayi na shanye. Ban sani ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe 3:45 na yamma

Da sauƙi. Ƙafar ta ɗan motsa. Kowa ya yi murna, ni ma na yi fuskar murna.

Anti ta rame. Zoben hannunta ta mayar da shi yatsan tsakiya. Ta sake ba wata 'yar'uwarta labarin madubin mota, a gabana, karo na biyar ke nan da na ji.

Litinin, 16 ga wata, ƙarfe 6:15 na yamma

An sallame shi. Mun sa gadonsa a ɗakin aikinsa saboda ba matakala. Tankoki sun fi ɗari uku a kan kantocin bango, kowace da lambarta a ƙasa da rubutunsa. Teburin na nan yadda ya bar shi: gilashin ƙara girma, hantsaki, kwalaben fenti a jere daga mai haske zuwa mai duhu. Na lura kwalaben da ke ƙarshen hagu duk sun yi ƙura, na dama kuwa fes. Na goge ƙurar da hannun rigata kafin Anti ta shigo. Ban yi shawara ba, hannun ne ya saba.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe 12:00 na rana

Mai gashin ƙashi ta fara zuwa gida, wata mata mai fara'a da ba ta jin tsoron faɗansa. Ta ce ƙafa da hannu aikinta ne, amma wuya aikinmu ne. Dole ya koyi juyawa hagu ya nemi abin da ba ya gani, kuma makonnin nan na farko su ne kasuwa, in ta watse sai a hankali. In bai koya ba, ba shi ba tafiya shi kaɗai, ba shi ba tsallaka titi, balle komawa tebur. Ta ce mu riƙa sa abin da yake so a hagunsa mu ce ya nemo.

Anti ta sa rediyo. Ta sa shayi. Na sauko da tankar da ya fi ji da ita, wadda ya yi wata biyu a kanta, na sa a hagu na ce Yaya nemo ta. Ya ce ya san ta, ba sai ya gani ba. Ya ce mu daina mayar da shi yaro, babu komai a can sai bango.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Bai juya ba.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe 4:00 na yamma

Bai juya ba. Anti ta ce da ta kai shi asibiti ranar madubin nan, da yanzu ba a wannan magana. Na ce Allah ya riga ya rubuta. Na ci abinci.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe 5:30 na yamma

Mai Agogo ya aika in zo. Na same shi da gilashinsa a ido yana tonon wani agogon hannu. Na ba shi labarin rediyo da shayi da tankar wata biyu. Bai ɗago ba ya ce mun yi shirme. Ya ce shekara nawa na san yayana yana juya wuya don abu ya yi kyau? Abin da ya yi daidai ba ya kallonsa sau biyu. Kuskure ne kawai ke tayar da shi daga kujera. Ya tuna mini ranar da Yaya ya tsallaka ɗaki guda a wurin baje kolin 'yan tankoki don ya gaya wa wani baƙo cewa ya sa sarƙar tankarsa a baibai.

Sai ya jawo kwalin takalmi daga ƙarƙashin kanta ya turo mini. Shidan nan ne, tun wasan ƙarshe suna wurinsa. Ya ce ranar da ya rufe teburi ya duba su da gilashinsa ɗaya bayan ɗaya, don kewa.

“Huɗu lakarsu ta makanike ce,” in ji shi. “Biyu kuma lakarsu ta jeru reras kamar haƙora.”

Ya ce shi ma ya ga Tsoho ba ya taɓa rundunarsa ta hagu, ya ɗauka tarko ne yake haɗa musu. Ya ce kowa da rabonsa a ciki. Daga nan ya koma kan agogonsa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Na fito da kwalin a hammata. A hanya na tsaya na kalli masu gyaran kwalbati har suka tashi.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe 10:20 na safe

Na nemo sandar, tana nan a durowa da tabon gam ɗinta shida. Na mayar da kowace mazauninta, huɗunsa a dama, biyuna a hagu.

In na kai masa na yi shiru, huɗu zai gani ya ce an gama. Sai na gaya masa akwai kuskure a can. In kuwa na gaya masa wane kuskure, Anti na ɗakin, kuma ta iya lissafin kwanaki.

Lahadi, ƙarfe 6:40 na yamma

Na je da kwalin. Na dawo da kwalin.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe 6:30 na yamma

Na je da kwalin. Anti ta tambaya ko takalmi na saya, ta ce ashe mijin wahala ya yi kuɗi. Tsokanar farko ke nan cikin sati uku. Na dawo da kwalin.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe 7:05 na yamma

Da na isa mai gashin ƙashi tana haɗa jakarta. Na ji tana gaya wa Anti a ƙofa cewa ƙafa na tafiya yadda ake so, wuya ne shiru, kuma ba ta son shirun. Anti ta ce laifinta ne, ita ta ɓata lokaci tun farko. Matar ta tafi. Anti ta tsaya riƙe da labule kamar ta manta amfaninsa.

Na shiga. Yana zaune a kujera an sa masa katako a cinya. Na ɗora sandar a kai, na zagaya na tsaya a hagunsa. Anti ta shigo ta zauna a bakin gado.

Ya sunkuya ya ƙirga daga dama, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya ce waɗannan ai ya gama su tuni, me ya sa na dawo da su.

Na ce, “Yaya, shida ne. Biyu na nan gefena. Ka ba ni su ba fenti, ka ce ka gama. Ni na yi musu fenti.”

Ina jin mai sayar da gas yana buga tukunyarsa a titi.

“Kai ka yi me?”

“Fenti. Da tsatsa da laka, duka. Na kai su tebur, aka yaba maka, ba ka gane ba.”

“Wa ya ba ka burushi?”

Na ce ba kowa. Ya ce ƙarya nake, ba a yi wanda zai sa hannu a sandarsa bai gane ba. Na ce to ya duba.

Na ga jijiyar wuyan nan ta miƙe. Idonsa ya tsaya a kan ta huɗu, ya koma ta uku, ya dawo ta huɗu, kamar mota a bakin rami. Gumi ya tsatso masa a goshi. Ya kai hannun dama ya dafa sandar, ya bi ta da yatsa, ya wuce ta huɗu, yatsan ya taɓa ta biyar. Sai haɓar ta biyo yatsan, kaɗan-kaɗan, da ƙyar, kamar ƙofar da ta yi shekara ba a buɗe ba. Ya daɗe yana kallon ta biyar. Ya ƙara matsawa ya samu ta shida. Daga ta shida idonsa ya hau hannuna, ya hau rigata, ya same ni.

“Laka ba ta zama a saman sarƙa, Auta,” in ji shi. “Bayan ƙafafu take taruwa. Kuma gefe biyu ba sa yin daidai. Wannan ai ka yi mata kwalliya ne.” Sai ya ƙara dubana ya ce, “Dama nan kake tsayawa?”

Na ce eh.

Anti ta sa hannu biyu ta rufe baki. Ta tashi ta zagayo hagu, ta tsaya kusa da ni, ta kira shi da sunan da take kiransa. Ya same ta ita ma. Ya ce mu daina taruwa a kansa kamar an yi haɗari, a miƙo masa gilashi.

Da zan tafi ta biyo ni har bakin famfo. Ta tambaye ni yaushe ya ba ni sandar. Na faɗa mata ranar. Na ga tana lissafi, leɓenta na motsi. Kwana goma sha ɗaya kafin madubin mota. Ta tambaya ko ina sane ranar da likita ta yi tambaya. Na ce ina sane.

Ta ce, “Sati uku ina ce wa kaina makauniya, kana zaune kana saya mini ruwan sanyi.”

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga ta saki labule.

A mota na kasa sa makulli a raminsa. Kunya ce ta fara zuwa, sai tsoro, sai wani farin ciki da ban san inda zan ajiye shi ba, duk a lokaci ɗaya. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Mai gas ya ƙwanƙwasa gilashi ya tambaya ko lafiya. Na ce ban sani ba tukuna.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe 1:30 na rana

Na je na gaya wa likita. Ta rubuta a fayil. Na tambaye ta abin da ya kai ni. Ta ce ba za ta rantse cewa da mun zo da wuri da abin bai faru ba, ba kuma za ta rantse cewa da ya faru duk da haka ba. Ta ce haka zan riƙe shi, ba ta da wani maganin wannan.

Ban je gidan ba. Ban ci abinci ba, kuma yau na san ban ci ba.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe 5:50 na yamma

Na je. Na gaishe da Anti, ta amsa a taƙaice, idonta a kan tsintsiya. Ba ta ce in shiga ba. Ta shiga da kanta ta fito da kwalin takalmin ta miƙo mini.

“Ya ce ka wanke naka fentin tas, ka dawo da su yadda ya ba ka.” Ta juya za ta tafi, sai ta tsaya. “Sau huɗu ya juya yau. Uku don ya zagi lakarka, ɗaya don ya nemi shayi.”

Na ce Anti. Ta ce ba yau ba.

Juma'a, 27 ga wata, ƙarfe 4:45 na yamma

Na jiƙa su tun safe, na bi su da tsohon burushin haƙori, abin da ba na rasawa. Aikin kwana uku ya fita cikin minti ashirin. Na sake fesa musu ruwan toka na mayar da su kan sanda.

Na same shi a tebur, an ɗaure masa hannun hagu a kan matashi, Anti ta buɗe masa kwalabe uku. Ita ce ta ajiye kujera a hagunsa, ba ta dube ni ba, ba ta kuma ce ta wane ce ba. Na zauna.

Na ce ko in ɓamɓare biyun in mayar masa da su dama, ya fi masa sauƙi. Ya tsoma burushi, ya goge bakinsa a jikin tsumma, ya fara juyo da wuyan nan a hankali har ya same su, har ya same ni.

“Bar su inda na bar su,” in ji shi. “Kai kuma riƙe sandar, kada ka taɓa komai.”